Alkakin takarda a Zangon Damagaram

 Labarin tafiya muka kawo muku a wannan fitowa. Ƙungiyarmu ce ta aike mu Damagaram, mu huɗu, kwana uku, mu gano wata sana'a da idonmu kafin a buɗe mata akwati. Sana'ar ita ce zana katin gaisuwa da katin gayyatar biki da etiketin da ake manna wa kayan sayarwa, dukansu da hoton abinci a jiki.

Dalilin tafiyar wata yarinya ce a cikinmu, ɗiyar ɗaya daga cikin matan da suka kafa ƙungiyar. Ta yi kwaleji ba ta ƙare ba, an yi mata aure, yanzu tana da goyo. Allah ya ba ta hannu, ita ke yi wa amaren unguwarmu lalle. Ta nemi rancen jikka 150 don ta sayi injin buga takarda, domin ta ga hotunan aikin wata mata ta Damagaram a salula, abin ya shiga ranta. Mu kuwa mun saba ba da bashi don gyaɗa, don awaki, don injin markaɗe, abin da in ciniki ya ƙi ana iya ci ko a sayar. Jikka 150 ta wuce ninki uku na abin da yarinyar ta zuba, wanda shi ne iyakar ƙa'idarmu, kuma kusan sulusin abin da ke cikin akwati ce a lokacin. In ta karye, rabon ƙarshen shekara na mata ashirin da takwas ne zai ji jiki. In kuma muka hana ta don kawai ba mu san abin ba, mun tauye yarinya mai basira. Shi ne taro ya ce gani ya kori ji, aka haɗa kuɗin mota. Aka zaɓi shugaba, wadda ke riƙe da alƙalamin nan, da ma'ajiya, da yarinyar, da Inna mai riƙon mabuɗi na farko, wadda tun farko ta ce ita ba ta taɓa jin wanda ya ci takarda ya ƙoshi ba.

Bayan sallar asuba muka shiga bas. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne a kan kwalta, ta Caduwa, Agye, Gazawa, Tasawa, sai Takeita inda hanyar Matamai da Kano ke haɗuwa da tamu. An gama girbi, damman hatsi na jibge a bakin gonaki, ana cika rumbuna. Wannan yanki ƙasar aya ce da gyaɗa, don haka duk inda mota ta tsaya sai ƴanmata su kewaye ta da faranti, ga dakuwa, ga soyayyar gyaɗa, ga dafaffen ƙwai, ga rake. A Gazawa ma'ajiyarmu ta sayi dakuwa ta dala ashirin ta taga. Da ta kai baki sai ta ce wallahi rabon da ta ci irinta tun tana budurwa. Ta leƙa don ta ƙaro, mota ta riga ta ja. Ta juya ledar gaba da baya, farar leda ce irin ta kowa. Ta ce: "To yanzu in na dawo, wa zan tambaya?" Yarinyar ba ta ce komi ba, ta dai dube mu. A Tasawa ma haka, kilishin da ake yabo ko'ina an naɗe mana shi cikin takarda marar suna.

Duwatsu ne ke fara yi miki maraba a Damagaram, manya-manya, sun hau kan juna kamar an jera su da hannu, gidaje na manne a gindinsu. Abu na biyu da za ki lura da shi ruwa ne. Ƴan garuwa na tura kura cike da bido a kowane lungu, kuma a gidan da muka sauka a Garin Malam, wurin ƙanwar ma'ajiya, ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba a zubarwa, na awaki ne. Mu mutanen gulbi sai muka riƙa jin kunyar yadda muke cika buta.

Da la'asar aka kai mu Birni. Nan fadar Sarkin Damagaram take, nan ne kuma ake ganin sauran ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19. Har 1926 garin nan ne babban birnin ƙasar a hannun Faransawa, kafin a mai da shi Yamai, kuma mutanen Damagaram ba su manta ba, ko mai sayar da goro zai tuna miki. Abin da ya tsayar da mu shi ne fuskokin tsofaffin gidaje. Magina sun yi zane a jikin katanga da laka, ya taso kamar ɗinkin babbar riga, ga dagi, ga da'ira cikin da'ira, ga zankaye a saman soro, wasu an shafe su da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Wasu gidajen sun fara zubewa, an toshe da siminti. Yarinyar ta yi ta ɗaukar hoto har salularta ta mutu. Washegari muka gane ba ita ta fara wannan tunani ba.

Shagon da muka zo dominsa yana Zango, unguwar da ayarin Abzinawa da Larabawa ke sauka a da. Mun ce shago, amma zauren gidan surukanta ne aka raba biyu da labule. Tebur ɗaya, ƙaramar kwamfuta, injin bugawa mai launi wanda bai fi akwatin asusunmu girma ba, wuƙar yanka takarda, sai igiya da aka ɗaura daga bango zuwa bango aka shanya katuna kamar wanki. Mai shagon ba ta wuce shekara talatin da biyar ba. Ta yi shekaru tana buga wa mutane takardu a wani shagon fotokofi kafin ta koma gida ta fara nata. A unguwa Mai kati ake ce mata, mu ma haka za mu kira ta.

Mun daɗe a gaban igiyar nan. Ga alkaki an tula a faranti, zuma na ɗiga, har ka ce ka miƙa hannu. Ga ƙwaryar fura da ludayi, faifai ya rufe rabinta. Ga ragon layya a tsire an kafa shi gefen wuta yadda muke yi a ƙasar nan. Ga dabino uku da kofin kunu na barka da shan ruwa. Kowane kati kuwa an kewaye shi da zanen katangun Birni da muka gani jiya. Da hannu take zana su a takarda, ta ɗauki hoto, ta gyara launi a kwamfuta.

Inna ba ta yi wata-wata ba. Ta ce: "Ɗiyata, abin ga ya yi kyau, amma wa ka sayen shi? Mu dai da munka tashi, da ƙafa aka gaisuwa."

Mai kati ta yi dariya ta ce: "Inna, gaskiyarki. Har yanzu ma da ƙafa ake yi, in ƙafa ta gaza a aika murya ta WhatsApp. Bari in nuna miki wani abu." Ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da katin barka da salla. Ta ce shekararta ta farko ta buga ɗari uku, ta aza su a shagunan gari, ko arba'in ba a saya ba. Tana cikin wannan baƙin ciki sai maƙwabciyarta mai yin alkaki ta samu aikin gara, ta roƙe ta ta yi mata ƴar takarda da za a aza a kan kowace roba, da hoton alkaki da lambar waya, don dangin ango su san hannun wa ya yi. Kun san yadda gara take, alkaki da nakiya da dubulan ana rarraba su gida-gida. Duk gidan da rabo ya shiga, takardar ta shiga. Kafin wata ya ƙare mai alkaki ta samu aikin biki uku daga mutanen da ba ta taɓa gani ba. "Ranar na gane," in ji Mai kati, "a garin nan kati ba ya tafiya shi kaɗai. Sai ya hau kan kwano."

Wannan magana ita ce abin da muka samo a Damagaram, kuma duk abin da muka gani daga baya ita yake gaskatawa. Katin layya da take sayarwa yanzu ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, ana saka shi a kan kwanon naman da ake aikewa washegarin salla, da gurbin rubuta sunan gida. Na azumi yana bin kwanon buɗa baki zuwa gidan surukai. Na suna yana shiga ledar goro da dabino da minti. Na dawowar alhazai yana bin tsarabar dabino da zamzam. Ita ba ta koya wa kowa sabuwar al'ada ba. Aike-aiken abinci da muka gada ta tarar, ta ba shi baki.

Mun tambaye ta me ya sa abinci, ba furanni ko hoton amarya da ango irin na katunan da ake kawowa daga waje ba. Ta ce da farko don shi ta iya zanawa, daga baya ta ga ya raba ta da rigima da yawa. Akwai magidanta da ba su yarda hoton matansu ya shiga hannun kowa ba. Akwai gidajen malamai da ba a shiga da hoton mai rai. Amma ba ta taɓa ganin wanda ya yi faɗa da hoton ƙwaryar fura ba. Kuma ba ta rubuta aya ko sunan Allah a kan etiketi ko ƙaramin kati, ko an biya ta ninki, domin ta san ƙarshensa bola ne ko murhu. Nan Inna ta gyaɗa kai karo na farko.

Sai kuma babban dalili, wanda ya fi taɓa mu da muka yi karatun yaƙi da jahilci da girmanmu. Da yawa cikin masu karɓar katin nan ba su karatun boko. Mun san yadda ake ji in an miƙo miki takarda a cikin mutane, ki riƙe ta ba ki san sama ba ki san ƙasa ba, ki jira yaro ya dawo daga lakwal. Amma tsohuwar da ta ga rago a tsire ta san salla ce, wadda ta ga alkaki ta san biki ne, tun kafin a karanta mata. Lambar waya kuwa Mai kati da manyan baƙaƙe take buga ta, domin mata da yawa da ba su san harafi ba sun san lamba, salula da kuɗi sun koya musu. Ga ma'aikata tana rubuta Faransanci. Ga masu son ajami akwai matar wani malami da ke rubuta mata da tawada da alƙalamin kara, ta ɗauki hoton rubutun ta saka, ta biya ta ladanta.

Wani abu da ya faranta mana rai, tana saka ƙugiya. Kwamfutar da ake sayarwa a nan ta Faransanci ce, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ a jikin madanninta, shi ya sa yawancin shaguna ke buga Hausa tsirara. Ta ce an taɓa kawo mata katin biki da aka buga a wani wuri, an so a ce ana maraba da baƙi, aka rubuta ana maraba da baki. Dangin amarya suka ce an kira su maciya. Ita a salula take rubuta kalmomin da madannin Hausa, sannan ta tura su kwamfuta. Muna roƙon duk ƙungiyar da za ta ba da bugun takarda ta tsaya a kan wannan. Mun sha wahala kafin mu koyi baƙaƙen nan, kada mu biya kuɗi a yar mana da su.

Da aka kawo shayi ma'ajiya ta buɗe kaye, aka shiga lissafi, kuma nan ne fuskar yarinyarmu ta fara canzawa. Takarda mai kauri guda ɗaya ana yanka ta huɗu, kati huɗu ke nan. Katin biki Mai kati na sayar da shi dala ashirin zuwa talatin, gwargwadon takarda da ambulan. In an cire takarda da tawada da ambulan da waɗanda suka lalace wajen yanka, abin da ke rage mata a kowane bai cika wuce dala bakwai ba. Ta dafa injin ta ce: "Wannan ba shi ne tsada ba. Kamar doki ne, sayensa sau ɗaya, ciyar da shi kullum." Tawada ce abincinsa. Shi ya sa katunanta duka farin fili gare su, hoton abincin kaɗai ke da launi. In kuma aka bar injin sati biyu ba a buga komi ba, tawadar ta bushe a bakinsa, ƙurar hunturu ta ƙarasa shi, sai an kai wa mai gyara. Takarda da tawada yawanci daga Kano ake kawo su ta hanyar Matamai, don haka lokacin da aka rufe iyaka a 2023 ta ce ta ji jiki ƙwarai.

Sai ta faɗi abin da ba mu zata ba. Shekara biyu ta yi tana wannan sana'a ba ta da inji. Ta zana a gida, ta kai zanen shagon bugawa, ta biya kuɗin kowace takarda, ta dawo ta yanka da reza da rula. Har yau ma in aiki ya wuce kati ɗari biyu ba ta wahalar da ƙaramin injinta, maɗaba'a take kaiwa, ya fi araha, ya fi kyau. Ta dubi yarinyar ta ce: "Ƙanwata, masu inji sun cika gari. Masu hannu ne babu."

Ba ta taɓa takarda sai an ba ta rabin kuɗi kafin alƙalami, domin katin da aka buga da sunan wasu, in an fasa auren ko an ɗaga rana, ba shi da wani mai saye a duniya. Ta ce masu biki su ne suka fi kowa daɗin baki da wuyar biya. Ciniki kuwa lokaci gare shi. Yana tashi bayan kaka da kuma kafin azumi, lokacin da ake rububin ɗaura aure, sai salla ƙarama da babba, sai Oktoba da yara ke komawa lakwal, inda take sayar da takardar rubuta suna a bangon kaye, mai hoton mangwaro ko kankana. Da damina kuwa wata uku sai ta zauna tana korar ƙuda, takardar ma ta sha danshi ta lanƙwashe. Ba ta ɓoye mana ba, mijinta na da albashi, shi ke riƙe gida a wannan lokaci. In wuta ta ɗauke da rana, da dare take aiki sa'ad da ta dawo, idonta ya fara ba ta wahala. Ga kuma masu kwafa. Ƙwaryar furarta ta gan ta a kalandar wani shago, an goge lambarta an sa tasu. Mun ji cewa an yi wa sunan kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI don kada wani ya ci da sunansu, amma wannan aikin ƙasa ne. Mace ɗaya a zaure ba ta da inda za ta kai ƙara. Abin da take yi, kowace salla ta fito da sabon zane, kafin su kwafa ta wuce.

Da muka tambaye ta to me ke riƙe shagon, sai ta ce etiketi. Mai biki sau ɗaya yake zuwa, amma mai garin kunu duk wata sai ta dawo.

Ranar Alhamis, babbar ranar kasuwar Dole, ta raka mu mu gani. Kasuwar ta cika maƙil, ga kantun gishirin Bilma, ga tukwanen Mirya, ga rake daga wajen Matamai, ga jajayen tattasai na Diffa an tara kamar tudu. A wata rumfa muka tarar da mata na wata ƙungiya irin tamu, suna sayar da garin zogale da yaji da garin kunu, kowane ƙulli da etiketinsa. Akwai sunan kaya, da abin da aka haɗa a ciki, da nauyi, da ranar da aka yi, da ranar da ya kamata a ce an cinye, da lamba. Shugabarsu ta ce sun je baje kolin SAFEM a Yamai, kuma can masu manyan kantuna ba su ko ɗanɗana abin da ba shi da kwanan wata. Ta ba mu shawarwari da ba a samu sai wurin wanda ya ƙone. Kayan mai, irin su ƙuli-ƙuli da alkaki, kada takarda ta taɓa su, a saka ta tsakanin leda biyu, in ba haka ba cikin kwana biyu ta zama kamar takardar mai ƙosai. Kwalbar zoɓo ko kunun aya da za ta shiga ƙanƙara, tawadar ƙaramin inji narkewa take, sai a nemi etiketin roba ko a rufe da sikoc. Kuma kada mace ta sa lambarta ta kanta, domin akwai marasa aikin yi da ke kira da tsakar dare, abin ya taɓa jawo wa ɗayarsu faɗa da miji. Ƙungiya ta sayi layi ɗaya na ciniki.

Ma'ajiya ta yi nata lissafin a tsaye. Etiketi mai launi dala biyar ne. A kan ƙullin dala ashirin ya cinye riba kaf. Sai kayan da suka kai dala ɗari zuwa sama ne ke iya ɗaukar sa. Ga ƙananan ƙulli, Mai kati ta ce a sassaƙa kashe na roba sau ɗaya, da ɗan hoto da lamba, a riƙa bugawa a farar takarda ana yankawa. Da mai dakuwar Gazawa na da wannan kashe, da yanzu ma'ajiyarmu ta zama mai sayenta.

Inna ce ta kawo ɗaya gefen maganar. Ta juya ƙullin yaji a hannunta ta ce suna linzami ne. Da can in man gyaɗa ya yi ɗaci, ba a san na wa ba ne, ya bi kasuwa ya ɓace. Ranar da kika manna suna, duk wadda ta ji tsakuwa a garinki ta san ƙofar da za ta buga. Ƙungiyar da ba ta shirya tankaɗe da kyau da rufe kaya daga ƙuda ba, gara ta zauna da farar ledarta tukuna. Matan rumfar suka ce haka ne, su ma sai da suka sallami buhu guda na zogale da ya yi fumfuna, suka yi asara da gangan don sunan.

Kafin mu bar Zango mun leƙa wurin dukawa, inda ake ɗinka jaka da takalmi da bangon littafi. Mai kati na ba su ƙananan kaye su yi musu riga ta fata, ana sayar wa ma'aikata da baƙi. Wani dattijo a cikinsu da ya ji daga inda muka fito ya ɗago fata ya ce ta jar akuyarmu ce ta Maraɗi, babu irinta a laushi. Muka sayi alkaki na gaske na tsaraba, muka kwana, da safe muka kamo hanya.

Taron da ya biyo baya ya yi zafi. Mun faɗi duk abin da muka gani, mai daɗi da marar daɗi. Ba a ba da jikka 150 ba. An ba yarinyar jikka 35, wa'adin wata huɗu, don takarda da fenti da reza da kuɗin bugawa a shago, babu inji sai bayan ta ga damina ɗaya ta wuce a kan sana'ar. Mata biyu ko wannan ba su yarda ba, kuma an rubuta ƙin yardarsu. Yarinyar ta yi kuka, domin ta riga ta gaya wa ƙawayenta za ta buɗe shago. Mai kati ta yarda ta karɓe ta sati biyu ta koya mata aikin kwamfuta, mijinta ma ya bari, da sharaɗi ɗaya daga Mai kati, kada ta kai alkakin Damagaram Maraɗi. Ta zana abincin garinsu, dakuwa, aya, ƙuli-ƙuli, zogalen gulbi. Zuwa ranar da muke rubutun nan ta biya kashi na farko a kan lokaci. Saura uku, kuma aikin biki ɗaya kawai ta samu kawo yanzu.

Aikinta na farko mu muka ba ta, da kuɗinmu. Kun san tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, iyayenmu da ka suke riƙe lissafi, kowace ta san zubin maƙwabciyarta. Yanzu karne muke amfani da shi, amma a cikinmu ashirin da takwas, goma sha ɗaya ne kaɗai ke iya karanta sunansu, kullum sai an tsaya ana kiran suna ana miƙawa, wani lokaci a yi musaya. Mun ga Mai kati ta yi wa wata ƙungiya karne, kowace mace da hoton abincinta a bango, sai muka ce a yi mana. Yanzu ana zube karne a tabarma, kowa ta ɗauki nata.

Rabon hotunan ne ya kusa raba zumunci. Mata huɗu suka ce dabino, uku suka ce zuma, sai da aka yi ƙuri'a da tsinke. Barkono ya tafi wurin wadda kowa ya san ya dace da ita, ita ma ba ta musa ba. Daddawa ce ta rage ba mai so, tana kwance a tabarma ita kaɗai, sai Inna ta miƙa hannu ta ɗauka ta ce a rubuta mata sunanta a ƙasa da ajami.